Mun baro damina a Katsina, muka tarar da rani a Bursa

Ɗan kasuwar Katsina idan zai fita waje, abu uku yake dubawa kafin ya sa rana: ko biza ta fito, nawa ake canjin dala, da kuma yaushe kaya za su iso don kada kasuwa ta wuce shi. Ban taɓa jin an zauna a shago ana lissafin tafiya wani ya ce a duba yanayin garin da za a je ba. Dalilin a fili yake. Wanda ya sha bazarar Katsina, ya ga Afrilu da Mayu, ya kwana a tsakar gida yana yayyafa wa tabarma ruwa, ba ya jin akwai wani zafi a duniya da zai ba shi tsoro. Balle a ce Turkiyya, wadda a tunaninmu ƙasar sanyi ce, tunda hotunan da ɗalibai ke turowa duk cikin ƙanƙara suke.

Kawuna kayan ɗaki yake sayarwa a wajen Ƙofar Ƙaura: saitin gado, kujeru, sif, madubi, duk abin da ake buƙata a yi wa amarya jere. Ni nake riƙe masa littafi. Lissafin sana'ar kuwa ba ya canzawa. Bukukuwa suna yin yawa ne daga kaka, idan manomi ya sayar da amfani, har zuwa gab da azumi. Kwantena kuma sai ta ratso teku ta sauka Legas, ta yi zamanta a hannun kwastan, sannan tirela ta ɗauko ta zuwa Arewa. Duk wanda ke son kayansa su riski kaka, a watan Yuli zai ba da oda. Shi ya sa muka sa tafiyarmu a makon ƙarshe na Yulin 2025. Kawu yana fama da asma tun da daɗewa, don haka 'yar'uwarsa Hajiya ta tsaya sai da ta ga an saka masa rigar sanyi mai kauri a jaka, da abin shaƙarsa guda biyu.

Ruwa aka kwana ana yi a daren da za mu tashi. Da jirgi ya ɗaga daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Abuja, na leƙa ta taga, ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, kududdufai sun cika. Daga Abuja muka hau na Istanbul, tafiyar awa shida da ɗoriya.

Wani yaro ɗan Daura da ke karatu a Jami'ar Uludag ta Bursa shi ya tarbe mu. Mahaifinsa abokin Kawu ne tun ƙuruciya, kuma shi ne tafintanmu a duk zaman da muka yi. Muka hau bas, muka tsallaka gadar Osmangazi da ke kan mashigin ruwan Izmit, muka nufi kudu. A nan idona ya fara ganin abin da bai zata ba. Ciyawar gefen hanya ta bushe ƙarau, ta yi ruwan ƙasa. An girbe alkama, sai kututturenta a gonaki. Itatuwan zaitun na yankin Gemlik sun yi furu-furu da ƙura. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce da yaron, "Kai, ashe nan ma fari ake yi?"

Ya ce, "Baba Alhaji, ai nan yanzu ne raninsu. Ruwansu da sanyi yake zuwa. Yuli da Agusta kusan ba a ganin ko ɗigo. Bana kuma ko na sanyin ma bai sauka yadda aka saba ba."

Wannan ita ce maganar da nake so duk mai niyyar fita ya riƙe. Mu zafinmu da ruwanmu a jere suke: bazara ta gasa mu, damina ta zo ta sanyaya ƙasa. Su a ƙasashen da ke bakin tekun Bahar Rum, zafi da rashin ruwa lokaci guda suke haɗuwa, kuma lokacin ya faɗo daidai sa'ad da mu muke cikin marka. Mutum zai baro gida ana tsuga ruwa, zuciyarsa ta ba shi cewa duniya duka ta yi sanyi, alhali ya nufi tsakiyar ranin wasu ne.

Ba zan ce zafin Bursa ya fi na Katsina a Afrilu ba. Amma yadda yake kama mutum daban ne. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, ba ta faɗuwa sai bayan takwas na yamma, wato fiye da awa 14 tana dukan kwalta da bango. Gidajensu kuma don sanyi aka gina su. Ɗakuna ƙanana, tagogin gilashi masu riƙe ɗumi, babu zaure, babu tsakar gida, babu inda za ka ja tabarma ka kwanta a waje. A masaukinmu, ƙarfe goman dare ka dafa bango sai ka ji shi da ɗumi. Kawu da ya saba zama ƙarƙashin darbejiya bayan La'asar, sai ga shi a ɗaki yana ta juyi.

Ranar Juma'a, 25 ga wata, muka yi salla a Ulu Jami, babban masallacin da Sarki Bayazidu na Ɗaya ya gina a ƙarshen ƙarni na 14, lokacin Bursa tana cikin manyan biranen Daular Usmaniyya, ita ce ma babban birninta na farko. Ƙubba 20 gare shi, kuma wurin alwala a cikin masallacin yake, a tsakiya, ruwa na zuba cikin wani kwarmi na marmara. Bangon ya sha rubutun Larabci manya-manya. A duk zamanmu ban shiga wuri mai sanyin wannan ba, ba tare da wata na'ura ba, kaurin dutse ne kawai da tsayin rufi. Bayan an idar muka ratsa zuwa Koza Han, tsohuwar kasuwar siliki, muka zauna a farfajiya ana kawo shayi a ƙananan kofunan gilashi.

A nan ne na lura kowa idonsa na kan talabijin ɗin mai shayi. Jana'iza ake nunawa, akwatuna lulluɓe da jar tutar ƙasar. Yaron ya fassara mana. Kwana biyu kafin nan, ranar 23 ga Yuli, gobarar daji a yankin Seyitgazi na lardin Eskishehir ta ci mutum goma. Biyar ma'aikatan gandun daji ne, biyar kuma 'yan sa-kai na ƙungiyar ceto ta AKUT. Suna cikin aikin kashe wutar iska ta juya farat ɗaya, wutar ta zagaye su. Ya ƙara da cewa a ƙarshen Yuni ma an kwashe mutum fiye da 50,000 daga gidajensu, akasari a lardin Izmir. Kawu ya yi salati, ya yi musu addu'a. A ranar nan ce kuma, kamar yadda aka sanar daga baya, zafi ya kai digiri 50.5 a Silopi, can kudu maso gabas kusa da iyakar Iraƙi, wanda ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba.

Duk da haka a raina labari ne na nesa. Mu katako muka zo saye.

Asabar da safe muka tafi Inegol. Duk wanda ke harkar kayan ɗakin Turkiyya ya san garin, don nan ne matattarar masu ƙera su. Daga Bursa bai kai kilomita 50 ba, a kan babbar hanyar da ta nufi Ankara, kuma sai ka bi ta Gursu da Kestel, ka ratsa tsaunuka masu duhun itace. Wuni muka yi muna shiga muna fita. Kawu ba ya sayen gado sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ƙwanƙwasa allon kai da yatsa, ya ja durowa ya mayar ya ji ko tana sarƙewa. Yana tambaya ko katakon zai jure hunturun Katsina bai tsage ba, don ya sha ganin kayan da suka yi kyau a shago, iskar Janairu ta zo ta buɗe musu haɗi. Mai masana'antar da muka daidaita da shi dattijo ne mai furfura, mai yawan fara'a. Sai da aka sha shayi har aka gaji kafin a tsayar da farashi, sannan ya ce ba za mu tafi ba sai mun ci gasasshen naman garinsu.

Muna cikin cin abincin ne wayoyi suka fara ƙara. Wani matashi cikin ma'aikatansa ya zo ya raɗa masa magana, ya ɗauki makulli ya fita da gudu. Yaronmu ya saurara, ya ce da ni a hankali, "Yaya, wuta ce ta tashi tsakanin Gursu da Kestel. Ƙauyen su wancan yaron yana wajen."

Hanyarmu ta komawa ke nan. Kayanmu da sauran maganin Kawu duk suna masauki a Bursa, saboda haka bayan Magariba muka ce bari mu gwada. Ba mu yi nisa sosai ba muka fara cin karo da taraktoci, kowace tana jan tankin ruwa, manoma ne daga ƙauyuka suka fito da abin da suke da shi. Har motocin kwaɓa siminti na gani an cika su da ruwa sun bi layi. Can gaba sararin sama ya yi jawur a bayan tsauni, jan yana ƙaruwa yana raguwa. Sai wari ya shigo motar, warin ɗanyen itace da ƙaro. Sannan toka ta fara sauka a kan gilashi, fara-fara, direba ya kunna abin share ruwa sai ta dame ta zama baƙi. Jami'an tsaro sun gindaya motocinsu a hanya suna juyar da kowa. An rufe hanyar Bursa zuwa Ankara.

Ban ga harshen wutar kusa ba, kuma ba na fatan gani. Abin da na gani kusa shi ne Kawu. Tari ya fara kama shi tun kafin mu juya, daga nan numfashinsa ya koma fito, yana ja da ƙyar, kafaɗunsa na ɗagawa. Ya laluba aljihu ya ciro abin shaƙa, hannunsa na rawa har murfin ya faɗi ƙasan kujera. Na riƙe masa ya shaƙa. Yaron ya sa direba ya rufe tagogi ya kashe abin da ke jawo iskar waje, ya jiƙa hiramin Kawu da ruwan gora ya ɗora masa a hanci. Mutumin da na sani yana tsayawa cikin ranar Mayu yana sa ido ana sauke tirela, ga shi hayaƙin da ya taso daga nisan kilomitoci ya durƙusar da shi. Sai da muka koma cikin Inegol numfashin ya fara daidaita.

Dattijon nan bai bar mu mun nemi otal da kanmu ba. Shi ya kira ya samo mana ɗaki, ya aika aka buɗe kantin magani mai aikin dare aka kawo takunkumi. Ya zauna da mu har tsakar dare, yana kallon waya yana girgiza kai. A bakinsa na fahimci yadda abin yake. Itacen da ya rufe tsaunukan nan, wanda suke kira cham, siririn ganye gare shi, yana zubewa ya taru a ƙasa ya bushe, jikinsa kuma cike yake da ƙaro mai cin wuta. Idan aka yi makonni ba ruwa, danshin iska ya ragu, abu kaɗan ya isa. Wuta kuma ta fi gudu idan tana hawan tudu, don zafinta yana riga ta ya busar da abin da ke gaba. Iska na ɗaukar garwashi ta jefa shi can gaba, har ya tsallake titi ya kunna wani wuri, shi ya sa 'yan kwana-kwana za su tare nan, ta ɓullo musu ta baya. Jiragen da ke zuba ruwa kuma galibinsu da rana suke aiki, dare na mutanen ƙasa ne da tiyo da shebur.

Na tambaye shi me ke tayar da ita. Ya ɗaga hannunsa ya nuna mini tafinsa. Hannun mutum ne, in ji shi, kusan kullum: guntun sigari daga tagar mota, masu gashin nama a bakin daji, wayar lantarki da ta yi tartsatsi, da manomin da ya cinna wa kututturen alkama wuta don ya huta da sharar gona, duk da doka ta hana. Shi ya sa gwamnonin larduna ke hana shiga daji gaba ɗaya a watannin zafi.

Da yaron ya fassara maganar ƙona gona, ni da Kawu muka kalli juna. Wannan ai aikinmu ne. Wa bai san samarin da ke cinna wa daji wuta da rani don farautar gafiya ba, ko manomin da ke ƙona sharar gona da bazara ya tafi ya bar ta? Abin da ke cetonmu shi ne dajinmu ba shi da duhu. Gawo yana nan, kuka tana can, ɗorawa tana gaba, dabbobi kuma sun riga sun cinye ciyawar da ke tsakani, sai wutar ta ci tarin kara ko rumbun wani bawan Allah ta mutu. Inda muke da cunkoso irin nasu, wato kasuwa, mun ga abin da take yi, don ba a manta da gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris 2021 ba. Kawu, da takunkumi a fuskarsa, ya ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa."

Gida kuwa hankali ya riga ya tashi. Yara sun gani a Facebook an ce Bursa na ci da wuta, suka kai wa Hajiya. Ta kira ya fi a ƙirga. Da na ɗauka abin da ta fara cewa shi ne, "Ina ɗan'uwana? Ba ni shi in ji muryarsa." Ta bayan maganarta ina jin ruwa na dukan kwanon rufi.

Da aka buɗe hanya muka koma Bursa. Tsaunukan da muka wuce suna kore sun koma baƙi ƙirin, itatuwa a tsaye ba reshe, ƙasa na ta hayaƙi nan da can. A bakin wani lambu na ga wani tsoho zaune a kan bokiti, tiyo a hannunsa ruwa na zuba a ƙasa, bai ma san yana zuba ba. Layin itatuwansa na gaba sun ƙone, na baya ganyensu ya yanƙwane ya yi ja. Itacen marmari shekaru yake ɗauka kafin ya fara ba da 'ya'ya, kuma mutumin nan ya manyanta. Hukuma ta ce an kwashe mutum fiye da 3,500 daga ƙauyukan yankin. Wani ɗan kwana-kwana ya rasu a bakin aiki sakamakon bugun zuciya, wasu mutum uku kuma tankar ruwan da suke kai ɗauki da ita ce ta kife da su. Allah Ya jiƙansu. Irin motocin da muka wuce a daren ne.

Sauran abin da ya rage mana a Istanbul, labule da zannuwan gado, a gurguje muka yi shi muka dawo.

A majalisarmu ta bayan Isha'i sai da aka yi mako ana maganar. Wani maƙwabcinmu da ya yi aikin Hajji a 2024 ya ce shi ba sai an ba shi labari ba. A shekarar ne zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 ne suka rasu. Ya ce ya ga ƙarti majiya ƙarfi suna zubewa a hanyar jifa. To amma Hajji ba mutum ke zaɓar lokacinsa ba, Allah Ya riga Ya sa watansa, sai dai a yi shiri da lema da ruwa, kuma da yake yana matsowa baya da kamar kwana 11 duk shekara, a hankali yana fita daga tsakiyar zafi. Sauran tafiye-tafiyenmu fa? Umara a watan da ba na azumi ba, kai tsoho asibiti don a duba shi ba na gaggawa ba, ziyarar ɗa a makaranta, sayen kaya, duk waɗannan a hannunmu suke. Wani malamin makaranta da ke zama da mu ya ƙara da cewa abin ba na shekara ɗaya ba ne: 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara aunawa, kuma nahiyar Turai tana ɗumama fiye da kowace nahiya. Kafin watan Agusta ya ƙare kuwa muka ga hotunan gobara daga Sifen da Fotugal da kudancin Faransa.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ke da tsoho, ko mai asma, ko mai ciwon zuciya, ko ƙaramin yaro, kada ya kai shi Turkiyya ko Girka ko Sifen da makamantansu a Yuli da Agusta in ba dole ba. Afrilu da Mayu suna nan, ƙasa kore, ga Oktoba bayan zafi ya karye. In kuma tafiyar ta zama dole, a tambayi wanda ke zaune a can halin da ake ciki kafin a yanki tikiti, a riƙe magani a jiki kada a bar shi a masauki, a san cewa lambar gaggawa 112 ce, kuma in jami'i ya ce a juya, a juya. Ƙarfin hali a kan zafi ba ya hana hayaƙi shiga ƙirji.

Kawu bai karɓi maganar nan take ba. Ya ce kasuwa ba ta jiran kowa, amarya kuma ba za a ce mata ta dakata da tarewa don ana zafi a Bursa ba. Gaskiyarsa ce. Wanda kayansa suka makara, wani ne zai ci kasuwarsa. Muka yi ta ja har kwantenar ta iso, a daidai lokacin da yaron ke gaya mana madatsun ruwan Bursa sun ja baya ƙwarai, har an fara ba unguwanni ruwan famfo bi da bi.

A ƙarshe dai ga yadda aka tsayar. Zuwan Kawu da kansa ya koma Oktoba, lokacin da ake baje kolin kayan ɗaki a Inegol. A nan Kawu zai ga sabbin samfura, ya ƙwanƙwasa abin da zai ƙwanƙwasa, ya zaɓi launi da yadi. Odar Yuli kuma daga shago za a ba da ita. Yaron zai je masana'antar ya kira mu ta bidiyo, ya durƙusa ya haska ƙarƙashin gadon, ya ja durowa a gaban waya. Kawu ya gindaya sharaɗi ɗaya, cewa sai yaron ya zo hutu ya zauna mako guda a shago ya koyi bambanta kukan katako mai kyau da na holoƙo. Mahaifinsa ya ce ya ba shi.